Tuffa Tara a Wildern

Sawin mai zuma shi ne mutum na ƙarshe a Bradlo da yake faɗin sunan dajin gabas yadda tsofaffi suke faɗa. Mu Wildern muke cewa a gurguje, kamar mai kiran kare. Shi kuwa sai ya raba kalmar biyu ya ja ta a hankali, wild-deor, kamar mai ɗauke da ƙwarya cike fal.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, zuma ta harbi hannuwansa har sun daina kumbura. Lokacin da wannan abu ya faru yana da shekara sittin da takwas, in lissafin gari daidai ne, don ba wanda ya ga haihuwarsa. A shekarar yaƙin sarki da 'yar'uwarsa, lokacin da mayaƙa ke ƙone ƙauyuka, mai niƙan gari ya tsince shi a bakin gada, ɗan shekara bakwai, ba takalmi, bakinsa baƙi ƙirin da 'ya'yan ƙaya. Aka tambaye shi suna, ya faɗa. Aka tambaye shi ubansa da garinsu, ya nuna daji da hannu ya yi gum. Wannan shirun ne ya ba shi 'yanci. A ƙasarmu ɗan bawan gona bawa ne, shi da jikokinsa, ana ba da su tare da fili kamar yadda ake ba da rijiyar da ke cikinsa. Tsintacce kuwa ba shi da ubangida. Haka Sawin ya tashi ɗa, ya auri Lefrun, suka haifi Ketel, wanda ya zama masassaƙin gangar zuba giya yana da 'ya'ya maza huɗu, ba mai ce masa zo nan sai da roƙo.

Aikin Sawin na bin zuma ne. Yakan zauna bakin rafi da ɗan garin alkama a tafin hannu, in ƙudan zuma ya sauka shan ruwa ya barbaɗa masa, ya zuba ido ya ga inda farin ɗigon ya nufa. Haka zai yi ta bi har ya kai kogon itace, ya sare bawon sau uku da gatari, kowa ya san wannan kogo ya yi mai shi. Zumar takan tafi wurin Estrild, ƙanwar matarsa, wadda ke dafa giyar zuma. Kakin kuma na coci ne, da shi ake kyandir. Kuma kamar kowane mai zuma na kirki, ba ya ɓoye wa ƙudan labari. In an yi haihuwa ko mutuwa a gida, sai ya je ya ƙwanƙwasa amya sau uku ya gaya musu, don zumar da aka ɓoye wa magana takan yi fushi ta ƙaura. Ranar da Lefrun ta rasu, ƙudan ne suka fara ji kafin Ketel.

Abu ɗaya aka san shi da shi bayan zuma, wato kashedi. Ya ce bayan Baƙin Rafi akwai kyarkeci, uwa da 'ya'yanta, kada kowa ya haye. Shekara arba'in yana faɗin haka, kyarkecin ba ta tsufa ba, 'ya'yanta ba su girma ba. Masu itace da masu kiwo suka tsaya a wannan gaɓa ta rafin, suna yaba masa. Shi ma yana son yabon.

Mako biyu kafin Idin Kyandir, wanda coci ke yi a ƙarshen hunturu, ya kai wa Fada Hamo, malamin cocinmu, kaki. Ya same shi a rana a jikin bangon coci, littafi a cinya, yana hura yatsunsa saboda sanyi. Fada saurayi ne, uwarsa daga ƙetaren teku take, Ingilishinsa na da ɗan santsi.

"Baba Sawin, ara mini kalma," in ji shi. "Akwai waliyyin da ya bar mutane ya tafi wani wuri ba gida ba gona. Na san sunan irin wurin da Latin, na san shi da Faransanci. In na faɗa da su ranar Lahadi mutanenka za su yi barci."

"Barci kam za su yi, Fada, ko da wane yare ka faɗa."

"To a taimaka su yi shi da fahimta."

Sawin ya ajiye kakin. "Wildern."

"Ai wannan sunan dajinku ne."

"Da can ba suna ba ne, magana ce. Wild shi ne abin da ba ya zuwa in ka kira shi. Deor kuma dabba. Yaran yanzu in sun ce deor barewa kaɗai suke nufi, amma kakata har bushiya deor take ce mata, har ɓeran rumbu. Inda dabbar da ba ta amsa kira take zaune, shi ke nan, ba wani abu."

Fada ya ɗago kai. "Kakarka? Na ɗauka tsintar ka aka yi."

"Uwar mai niƙa nake nufi. Ita ta raine ni."

"Af, to." Fada ya daɗe yana goge bakin littafin da babban yatsa. Sannan ya ce, "Akwai wata magana kuma, gara ka ji daga bakina. Sufayen kwari, masu ibadar nan na coci da suka keɓe kansu a can, sun fito da takarda. Ubangidan ƙasar nan da ya rasu ya bar musu duk ƙasar da garma ta taɓa shiga a wannan yanki, ita da mutanen da suka fito daga cikinta. Abin da garma ba ta taɓa ba ya zauna na gari, ku yi itace ku yi kiwo. Yanzu wani maharbi ya gaya musu ya ga alamar gona bayan Baƙin Rafi. Suna son wurin don tumakinsu. Washegarin idi Ɗan'uwa Rainald, ɗaya daga cikinsu, zai taka dajin da mutum goma sha biyu na gari, sannan wanda ya fi kowa sanin wurin ya ɗora hannu a kan ƙashin waliyyi ya rantse. Ka san ko wane ne."

"Kyarkeci za ta cinye shi."

"Na gaya masa. Ya ce zai zo da karnuka."

Sawin bai nufi gida ba, ya bi ta wurin Estrild. Tana tsakar gida tana wanke ganga, hannayenta jajur. Ta haura shekara sittin amma bakinta bai tsufa ba, kuma tun ranar aurensa da yayarta take tsokanarsa.

"Mijin yaya, wa ya mutu? Ka shigo kamar kazar da aka jiƙa."

Ya gaya mata. Ta ci gaba da wankinta.

"To sai ka je ka sare su," ta ce.

"In sare me?"

"Kai, tsoho, raina wa wani hankali. Shekara talatin kana kawo wa yayata jar tuffa mai zaƙi a ƙarƙashin saƙar zuma, ka ce wani matafiyi ne ya ba ka. Kowace kaka matafiyin nan sai ya biyo. Bai taɓa makara ba, bai taɓa mutuwa ba, bai taɓa tsayawa shan ruwa an gan shi ba. Tuffar jeji kuwa ko alade sai ya yamutsa fuska kafin ya haɗiye ta. Mai zaƙi sai an yi mata aure, an ɗaura tsirinta a jikin wata, kuma ban taɓa jin kyarkeci na yi wa itace aure ba."

Sawin ya zauna a kan ganga. "Lefrun ta sani?"

"Ta ci tuffarta ta yi shiru. Ta ce in mijinta na son ya zama ɗan daji, ita ina ruwanta, ai bai hana ta komai ba. Guda nawa ne?"

"Tara."

"A jere?"

"A jere."

"Wayyo ni. Ko makaho ya shafa ya san gida ne."

Abin da ke bayan Baƙin Rafi ƙauye ne mai gida bakwai, na bayin gona, kuma a can aka yanke wa Sawin cibiya. Dajin ya yi aikinsa. Bangayen laka sun narke, ƙaya ta rufe kunyoyin gona, duwatsun murhu shi da kansa ya kwashe ya watsa a rafi tun yana saurayi. Da ya ƙyale tuffar, da ita ma manyan itatuwa sun shaƙe ta tuntuni. Amma hannunsa bai iya ganin reshe ya mutu ya wuce ba. Kowane ƙarshen hunturu yana yi musu aski, yana sare duk abin da ya tare musu rana. Shaidar da za ta mai da ɗansa bawa shi ya yi ta rainonta shekara hamsin.

In ka tambaye shi don me ya ƙirƙiri kyarkeci, zai ce don gari, kada a rasa itace da kiwo. Wannan ita ce amsar da yake so, kuma akwai gaskiya a ciki. In ka matsa, zai ce don Ketel da jikokinsa, wannan ta fi ta farko nauyi. Ta ƙarƙashin su akwai wadda bai taɓa gaya wa ko ƙudan zuma ba. Ranar da mayaƙa suka zo yana saman itace ta uku daga rijiya, yana satar ɗanyar tuffa. Ya ga hayaƙi, ya ga dawakai. Uwarsa ta fito tsakar gida tana ƙwala masa kira, Sawin, Sawin, ta ƙi gudu sai ta gan shi. Yana jinta. Ya rungume reshe ya rufe ido, bai amsa ba. Bai sani ba har yau ko da ya amsa da ta tsira, ko da su biyun aka haɗa. Abin da ya sani shi ne ba ya son ƙafar kowa ta taka wannan tsakar gida, sufi ko ɗan gari.

Da gari ya waye ya ɗauki gatari. A bakin rafi ya tarar da Estrild zaune a kan dutse da wuƙa da kwando.

"Ina za ki?"

"Gaishe da kyarkeci. Riƙe hannuna, dutsen nan da santsi."

Wurin fili ne ɗan ƙarami a tsakiyar manyan itatuwa, dusar ƙanƙara ta kwanta a kansa ba sawu. Tuffar tara suna tsaye a layi, tsofaffi, masu ƙusumbi, kowace da ƙullin aurenta daidai gwiwa. Estrild ta ajiye kwandonta ta bi layin da ido.

"Can ne gidanmu," in ji Sawin, yana nuna ƙaya. "Nan rijiya. Kakata takan zauna a nan tana kaɗi, tana zagin agwagi. Da kaka in an yi girbi, sai a shimfiɗa tuffa a rufin ɗaki, ƙamshin ya yi ta sauko mana har bazara. Gida bakwai, amma in an yi dariya a ɗaya sai a ji a duka."

Ya wuce wurin wani babban kogo da ke gefen filin, mai sara uku a bawonsa. Ya ƙwanƙwasa sau uku da ƙotar gatari, ya kara kunne. A ciki ƙudan na dunƙule saboda sanyi, suna gunaguni ƙasa-ƙasa. Ya sunkuya ya gaya musu cewa za a yi rashi, furen da suka saba da shi ba zai fito bana ba, kada su yi fushi su tafi. Ya faɗa musu sunan ƙauyen, wanda bai fito daga bakinsa ba shekara sittin da ɗaya. Estrild ta ji, amma ba ta taɓa maimaita shi ba, shi ya sa mu ma ba mu sani ba.

Kafin ya ɗaga gatari ta bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya tana yankar tsirin bara, masu kaurin ɗan yatsa, tana naɗe su da jiƙaƙƙen gansakuka.

"Me za ki yi da su?"

"Sakace. Yi aikinka."

Kwana tara ya yi, itace ɗaya a rana, don ƙarfinsa iya nan ya tsaya. Yana sarewa daidai da ƙasa, ya faskara, ya jera a kan kututturen. Ta uku daga rijiya ya bar ta sai ƙarshe, kuma ranar ya ce wa Estrild ta zauna a gida. Da ya gama ya lulluɓe tarin da ƙasa da ciyawa yadda masu gawayi suke yi, ya sa wuta, ya zauna yana gadinta tana ci a hankali kwana uku. Ramin gawayi ba baƙon abu ba ne a daji. Abin da bai tuna ba shi ne hayaƙin. Itacen tuffa ƙamshinsa daban ne, duk matar da ta taɓa ƙyafe nama ta san shi, ga shi ya shige mayafinsa na ulu da gemunsa har ya daina jin sa.

Washegarin idi Ɗan'uwa Rainald ya zo a kan alfadari da karnuka biyu. Dogo ne siriri, mai tsabtar farce, ba mugu ba ne, mutum ne da aka aiko. Mutum goma sha biyu suka bi shi tare da Fada, Sawin na gaba. Suka haye Baƙin Rafi. Karnukan suka yi ta shinshine ba su sami komai ba sai kurege. Da suka isa filin, sufin ya sauka, ya soka sandarsa cikin ƙaya, ya tona dusar ƙanƙara da ƙafa, sannan ya tsaya a kan dogon baƙin tabon da wuta ta bari.

"Wannan na wane ne?" ya tambaya, Fada na fassarawa.

Sawin ya buɗe baki, amma Wulmar maƙeri ya riga shi.

"Gawayina ne, ranka ya daɗe."

"A nan? Na ji an ce ba mai hayowa saboda kyarkeci."

"Ai ta san ni. Tare muka tashi."

Mutanen suka tuntsire da dariya. Sawin ya juya ya dubi Wulmar. Bai taɓa gaya masa komai ba. Wulmar ya ɗaga kai yana duban sama kamar mai neman ruwa, sauran sha ɗayan kuma kowa ya sami abin kallo a bakin takalminsa. Nan ne Sawin ya gane cewa shekara arba'in ba tsoron kyarkeci ya tsayar da su a wancan gaɓa ba.

Da rana ta karkata aka taru a farfajiyar coci, gari duka. Fada Hamo ya fito da ɗan akwatin azurfa mai ƙashin waliyyi, ya matso ya miƙa wa Sawin. Sai ya tsaya. Hancinsa ya ɗan motsa. Ya dubi mayafin, ya dubi tsohon cikin ido. Sufin ma ya ja numfashi ya tambayi ko ƙamshin mene ne wannan.

"Tuffar jeji yake ƙonawa, ranka ya daɗe!" Estrild ta ɗaga murya daga cikin mata. "Wai maganin ƙwarƙwata. Mun ce masa wanka ya fi, ya ƙi ji."

Aka sake yin dariya, har sufin ya yi murmushi. Fada bai yi ba. Ya ce a hankali, yadda su biyu kaɗai za su ji, "Baba, ba dole sai kai ba. Zan iya cewa tsufa ya ruɗa ka, a nemi wani."

"Wani bai san wurin ba, Fada. Ba za su karɓa ba."

Ya ɗora hannu. Azurfar sanyi ƙalau. Aka tambaye shi ko garma ta taɓa shiga bayan Baƙin Rafi, ko gidan mutum ya taɓa tsayuwa a can. Ketel na tsaye a gaba da ƙaramin ɗansa a kafaɗa, yana kallon ubansa da alfahari, shi kaɗai a garin nan da bai san komai ba.

"Ban san garma a can ba, ban san gida ba," in ji Sawin. "Wild-deor ne, tun da nake."

Sufin ya rubuta, ya hau alfadarinsa. Dajin ya zauna namu.

Ranar Lahadi Fada ya yi wa'azinsa da kalmar da ya aro, ya ce waliyyin ya tafi wildern, inda hannun ɗan Adam bai taɓa taɓawa ba. Sawin na baya kusa da ƙofa, tafin hannunsa cike da kantar gatari. Da idin Ista ya zo kowa ya matsa gaba karɓar gurasa mai tsarki, shi bai tashi ba. Bai tashi ba a shekarar da ta biyo, da wadda ta bi ta. Fada ya tare shi sau ɗaya a hanya ya ce ƙofar tuba a buɗe take, kuma abin da aka faɗa masa a asirce wurin tuba ba ya fita.

"Na sani, Fada. Amma tuba sai da nadama, ni kuwa in aka sake miƙo mini akwatin gobe zan sake ɗora hannu. Kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya."

Ba wanda ya yi masa magana a kan haka a Bradlo. Ya daina ambaton kyarkeci, amma mutane ba su fara hayewa ba. Zumar bazara ta zo a shekarar nan da ɗan bauri, Estrild ta ɗanɗana ta ce harshenta ne ya tsufa. Ya ci gaba da zuwa daji, sai dai yanzu yakan tsaya a wannan gaɓa, ya zauna da garin alkama a hannu, ƙudan su sha ruwa su tashi bai barbaɗa musu ba.

A bayan rumfar gangunan Estrild akwai tuffar jeji da ta tsiro da kanta a jikin shinge. A kanta ta yi wa tsirin nan aure, ta ɗaure da zare ta shafe da kakin Sawin. Cikin tara, uku suka kama. Sawin yana ganin su duk lokacin da ya kawo zuma, bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta ce komai ba.

A kaka ta huɗu ƙafafunsa suka gaza, ya koma zama a ƙofar ɗaki a rana. Wata safiya Estrild ta zo tana dogara sanda, ta tsaya a kansa, ta ciro abu daga haɓar zaninta ta danƙa masa a hannu. Ja ce, 'yar ƙarama, gefe ɗaya tsuntsu ya tsattsage.

"Wani matafiyi ne ya bar maka," ta ce.

Sawin ya juya ta a tafin hannu. Ya kai ta hanci ya daɗe a haka, idonsa a rufe.

"Ya faɗi daga ina yake?"

"Na kira shi bai waiwayo ba. Ci abinka, tsoho, kafin jikokinka su gani."

Ba shi da haƙorin cizonta. Ta zauna kusa da shi, ta karɓa, ta zaro wuƙarta ta fara yanka masa siriri-siriri.